Gidajen Sarautar Tara: Yadda Ake Gadon Mulki a Tsohuwar Ayilan

Akwai wani tudu mai lulluɓe da koriyar ciyawa a cikin gundumar Meath, arewa maso yamma da birnin Dublin na ƙasar Ayilan, kuma sunansa Tara. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Teamhair ta harshen Gaelik, ba shi da wata alaƙa da taran da muke ƙirgawa. Babu fada a kansa yau, babu ganuwa, sai zagayen ramuka da tulin ƙasa da wani dogon dutse a tsaye da ake kira Lia Fáil, wanda almarar mutanen ƙasar ta ce yakan yi ƙara idan sarki na gaskiya ya taka shi. Amma ɗaruruwan shekaru, duk mai son a ce da shi babban sarki a tsibirin, to sai an kira shi Sarkin Tara.

A ƙarni na 7 da na 8 tsibirin a rarrabe yake zuwa ƙananan masarautu sama da 100, kowace ana ce mata túath, kowace da sarkinta. Ƙaramin sarki yana yi wa babba mubaya'a, yana kai masa gaisuwar shanu, yana kuma ba shi 'ya'yan gidansa su zauna a matsayin garkuwa don tabbatar da alkawari. Daga wannan al'ada laƙabin Niall ya fito, wato Niall Mai Garkuwa Guda Tara, sarkin da ake jin ya rayu a wajajen ƙarni na 5, wanda zuriyarsa da ake kira Uí Néill ta riƙe sarautar Tara kusan shekaru 500.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tsarinsu shi ne, ɗan fari ba shi da wani fifiko na musamman a kan karaga. Sarauta ta dangi ce. Akwai wani rukuni na dangi da suke kira derbfine, wanda ya haɗa duk mazan da suka fito daga tsatson mutum ɗaya har hawa huɗu: shi, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da tattaɓa-kunnensa. Saboda haka wanda mahaifinsa ya yi sarauta, da wanda kakansa ya yi, da wanda kakan mahaifinsa ya yi, duk suna iya miƙa hannu, kuma wanda ya fi dukiyar shanu da yawan mabiya da ƙarfin yaƙi shi ne yakan samu. Wani lokaci akan ware magaji tun sarki yana da rai, a kira shi tánaise, ma'ana na biyu. Har gobe da wannan kalma ake kiran mataimakin firaminista a Ayilan. Amfanin tsarin a fili yake, domin da wuya a ɗora yaro ƙarami ko rago a kan mulki. Illarsa ma a fili take. Kowane sarki yana kwana ne a tsakiyar 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni waɗanda kowannensu ya san cewa idan sarauta ta tsallake gidansu hawa uku, to 'ya'yansa sun fita daga layi ke nan.

Akwai kuma sharaɗin lafiyar jiki, domin sarki mai nakasa ba ya zama a Tara. Wani tsohon kundin shari'a da ya yi magana a kan kiwon zuma ya kawo labarin Congal Cáech, wanda ƙudan zuma ya harbe shi a ido, idon ya mutu, sai aka sauke shi daga sarautar. Congal ya mutu a yaƙin Mag Rath a shekarar 637. Abin takaici, wannan sharaɗi shi ne ya buɗe wata mummunar ƙofa a ƙarnonin baya, inda sarki kan sa a makantar da ɗan'uwansa, don ya san wanda ba ya gani ba zai sake neman karaga ba.

Su kuwa Uí Néill sun samo wata dabara ta rage wannan rikici. Tun daga wajajen shekarar 734, sarautar Tara ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje biyu, Cenél nEógain na arewa da Clann Cholmáin na tsakiyar ƙasar, yau nan gobe can, suna kuma ƙulla auratayya a tsakaninsu. Ban da tsallake guda a tsakiyar ƙarni na 10, haka aka yi ta tafiya har shekarar 1002.

Tunda asali shi ne mabuɗin sarauta, masu riƙe da salsala sun zama manyan mutane. Mawaƙan fada da ake kira filid sukan shafe shekaru suna haddace jerin kakanni, sarakuna suna girmama su, suna kuma jin tsoron zambonsu. Sai dai wanda yake riƙe da alƙalamin asali yana iya gyara shi, kuma babu misalin da ya kai na gidan Dál gCais. Masana tarihi sun nuna cewa mutanen wannan gida reshe ne na wata al'umma mai suna Déisi, wadda ba ta cikin masu gadon sarautar lardin Munster. Da suka yi ƙarfi a ƙarni na 10, sai ga salsala ta bayyana tana cewa kakansu Cormac Cas ɗan'uwa ne ga kakan Eóganachta, gidan da ya daɗe yana mulki daga dutsen Cashel. Takobi ne ya ci ƙasa, amma sai da aka nemo masa kaka kafin mutane su yarda.

Daga wannan gida Brian Boru ya fito. Ya gaji wansa Mathgamain da aka kashe a 976, ya mamaye Munster, sannan a 1002 ya tilasta wa Sarkin Tara, Máel Sechnaill na gidan Clann Cholmáin, ya sallama masa. A 1005 ya je Armagh, cibiyar addinin Kirista ta tsibirin, ya ajiye zinariya a kan bagadin cocin, marubucinsa kuma ya rubuta a cikin littafin cocin cewa Brian shi ne sarkin sarakunan Gaelawa, wato masu magana da harshen Gaelik. Rubutun yana nan har yau a ɗakin karatu na kwalejin Trinity da ke Dublin.

Ranar 23 ga Afrilu, 1014, rundunarsa ta gwabza da ta sarkin lardin Leinster da mayaƙan Viking ('yan asalin arewacin Turai) na Dublin da na tsibiran arewa a Clontarf, bakin teku. Rundunar Brian ta yi nasara, amma shi da ɗansa Murchad da jikansa duk sun kwanta dama a ranar. Máel Sechnaill ya koma kan sarautar Tara har rasuwarsa a 1022, su kuwa jikokin Brian suka ɗauki sunan Ua Briain, wato jikan Brian, wanda a yau ake rubutawa O'Brien.