Shafin ofis ɗinku, don wa anka buɗe shi? Laccar da anka yi ma jami'an yaɗa labarai a Sakkwato

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan uwana ma'aikata, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana kan yadda ofisoshin gwamnati za su kai ga jama'a ta soshiyal midiya. To kowa ya ciro wayarshi ya buɗe shafin Facebook na ma'aikatarsu yanzu. Mi kuka gani? Oga yana yanke ƙyalle, oga ya karɓi baƙi, oga ya tafi ta'aziyya, sai wata doguwar takarda da Turanci an ɗauke ta hoto a karkace ko hatimin bai fito ba. Ba zagi nike ba wallahi, amma manomin albasa na Wurno ko Kware mi ya samu nan? Shi so yake ya ji yaushe za a saki ruwan dam ɗin Goronyo, taki ya iso ko bai iso ba, nawa buhu, ina za a karɓa.

Duk wanda ke garin nan 2010 ya san abin da ruwa ya yi, ƙauyuka sunka nutse, gadar hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ta tafi. Lokacin waya mai intanet sai wane da wane. Yau fa NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fidda hasashen damina kowace shekara tun ruwa bai sauka ba, amma wa ke zama ya mai da shi Hausa ko Fulatanci ya tura ma mai noman fadama?

Ni abin da na tsaya a kai shi ne murya. Saƙon murya na WhatsApp, gajere, kar ya wuce minti ɗaya. Mutanenmu da yawa ba su karanta boko amma kunne kowa na da shi, kuma waya guda ba mutum guda ke jin ta ba, a teburin mai shayi ake kunna ta majalisa duk ta saurara, yaro ya shiga da ita cikin gida uwarshi da kishiyoyinta su ji, mai cajin waya ya tura ma wasu ta Xender ko kobo na data ba a kashe ba. Bidiyo mai nauyi kuwa ba mai buɗewa, mutum ya sa data ta kwana ɗaya sai ya ƙarar da ita kan jawabin darakta? Haba. Kuma don Allah ku riƙa faɗin sunan ofis da kwanan wata cikin muryar kanta, don saƙon rigakafin sanƙarau na bara yana iya dawowa bana, mata su kwashi ɗiya su yini asibiti a banza.

Sai kuma bakin wa. Mun ga jita-jitar allurar foliyo ta 2003 yadda ta mai da Arewa baya, kuma sai da sarakuna sunka shigo ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi kafin a kai ga Agustan 2020 da anka tabbatar asalin ƙwayar cutar, wadda ake kira wild polio, ta kau. Muryar uban ƙasa ko limamin Juma'a da mutane sunka sani ta fi tambarin ma'aikata nauyi, ku roƙe su su naɗa muku.

In kun sa sanarwa kuma ku tsaya ku amsa. Mutum ya rubuta famfon unguwarsu ya lalace, ko "mun gani" ba a ce mai ba, wani ma sai a toshe shi wai ɗan adawa ne.

Kada dai wayar ta ruɗe mu. Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, sai anka koma Rima Radio da masallaci da sanƙira ranar kasuwa. Duk abin da kuka sa a Facebook ku kai ma rediyo kwafi ranar nan.

Shugaba na duba agogo, bari in faɗi guda. Lambar sirrin shafin ofis kar ta zauna wayar yaron oga, ranar da anka yi ma oga canjin wurin aiki shafin ya tafi da su. Ku buɗe da imel ɗin ofis, ma'aikata biyu su riƙe, a rubuta cikin takardar miƙa aiki. Mai tambaya ya ɗaga hannu.