Kututturen da ke gonarka bai mutu ba: laccar wani tsohon malamin daji a ƙasar Maigatari

Wannan lacca ce da wani dattijo, tsohon malamin daji da ya yi ritaya, ya gabatar a filin firamare na wani ƙauye a ƙaramar hukumar Maigatari, ranar da samarin garin suka kira taro kan shuka itatuwa. An ɗauka a waya, ni kuma na zauna na rubuta kamar yanda ya faɗa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, masu unguwanni, iyayena mata da ke can gindin darbejiya, da 'ya'yana samari da kuka kira wannan zama, Allah ya saka da alheri.

Toh, yaran nan sun zo gida sun same ni suka ce Baba muna so mu shuka itace dubu a damina mai zuwa, ka zo ka yi mana bayani. Na ji daɗi wallahi, sosai ma. Amma na ce musu kafin a je ga dubun nan akwai maganar da nake so gari ya ji tukuna, don ni na yi aikin daji shekaru masu yawa kuma na ga yanda ake irin wannan shuka. A kawo dashe a mota, a kafa rumfa, babban baƙo ya sa guda ɗaya a rami a zuba ruwa a tafa, kowa ya watse, kafin watan Maris ka dawo wurin ba ka ganin komai sai ramuka da leda, akuya ta ci rabi, gara ta ci sauran, wanda ya tsira kuma ƙishirwa ta kashe shi. Na sha tsayawa a irin wannan fili raina ya ɓaci, domin da hannuna na raini dashen nan tun yana iri.

Duk wanda ya kai shekara sittin a nan ya san yanda ƙasar nan take kafin farin 1973, ya kuma san abin da aka sha a 1984. Daga nan zuwa Gumel in ka bi ta gonaki ba ka rasa inuwa, ga gawo, ga kuka, ga tsamiya, kanya, aduwa, magarya, kurna, marke, ɗinya, kowace gona da nata, har da su ake kwatance, a ce gonar wane ta wajen kanyar nan. Yanzu yaro ɗan shekara goma a garin nan wani bai taɓa tsintar kanya da hannunsa ba. Iska kuma kun ga abin da take mana a farkon damina, ka yi shuka gero ya fito kamar allura, iska ta taso da rairayi ta binne shi ko ta yanke shi, sai ka sake shuka sau biyu sau uku, iri ya ƙare.

Amma abin da ya kawo ni shi ne wannan. Itatuwan nan da muke cewa sun tafi, da yawansu suna nan a ƙarƙashin ƙasa da ransu. Kowace shekara lokacin sharar gona me muke sassabewa? Kalgo, sabara, ɗan gawo, ɗan magarya, 'yar aduwa. Mu sare mu tara mu sa wuta, baɗi su sake fitowa mu sake sarewa. Ku tsaya ku yi tunani, abin da ka sare shekara ashirin yana dawowa ai ba ƙaramar saiwa gare shi ba. Saiwar nan ta riga ta nutse ta kai inda danshi yake, ba ta neman ka ɗauko mata ruwa a jarka, ba ta tsoron rani. Dashen da ka kawo daga gandun raino saiwarsa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, shi kuwa wannan ya gama aikin tun zamanin kakanka, jira kawai yake ka ƙyale shi ya tashi.

'Yan uwanmu na Nijar, nan bayan iyaka, su suka riga mu gane wannan, kuma sunan da suka sa masa sassabin zamani. A ƙasar Maraɗi aka fara wajen 1983, akwai wani bature mutumin Ostireliya, Toni Rinaudo, da ya yi ta fama da dashe yana mutuwa, sai wata rana ya duba ɗan kurmin da ke bakin hanya da kyau ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Daga nan manoma suka ɗauka, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci, ya bazu har Damagaram, yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma ba a gandun raino aka raine su ba. Ku da kuke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis kuna haɗuwa da mutanen Dungas da Magarya, ku tambaye su, ko ku leƙa gonakinsu ku ga gawo kamar an jera. Ruwan samansu bai fi namu ba, ƙasarsu ma rairayi ce irin tamu.

Yanda ake yi ba wuya. In ka zo sharar gona ka tarar da kututture ya yi toho goma ko ashirin, kar ka share duka. Duba masu ƙarfi da suka miƙe sosai, ka bar uku ko huɗu ko biyar, sauran ka cire. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa zuwa kamar rabin tsayinsu, ka bar na sama. Adda ko lauje ya zama mai kaifi, kuma ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage, in ya yage ciwo ne ka yi wa itacen. Sai ka ɗaura masa ɗan jan ƙyalle ko tsumma, duk wanda ya zo wucewa ya san wannan da mai shi, an bar shi da gangan ne. Bayan wata biyu ko uku ka koma ka sake gyarawa. Rassan da ka cire kuma na uwargida ne, ta samu na hura wuta. Shekara ta biyu zaka ga ya fi ka tsayi, in ya kai shekara uku huɗu kana iya cire ɗaya daga ciki ka yi dirkar rumfa ko ƙotar fartanya, sauran suna nan suna girma.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu, Baba inuwa tana kashe gero, kuma itace yana tara tsuntsu. Gaskiya ne akwai itacen da in ya yi yawa a tsakiyar gona yana cutarwa, darbejiya da turare ni ma ba zan ce ka cika gona da su ba, wurinsu bakin hanya da makaranta da maƙabarta da kan iyaka. Amma gawo fa? Ikon Allah, shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke yin kore, ya bar wa shuka rana, sannan da rani ya yi ganye ya yi 'ya'ya lokacin da dabba ba ta da abin ci. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya da tsada, dabbobi kuma su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Wane ne a nan bai san geron gindin gawo ya fi na ko'ina zangarniya ba? Kowa ya sani. Kuma ɗan gawo yawanci dabba ce ke shuka mana shi, ta ci 'ya'yan, ƙwayar ta bi ta cikinta ta yi laushi ta fito a kashi ta tsiro, mu kuma mu zo da garma mu tuge.

Akwai wani abu da dole in faɗa tsakani da Allah, don ina cikin aikin na gan shi. Manoma da yawa suna kashe ɗan itace tun yana ƙarami saboda tsoro, wai in ya girma ya zama na hukuma, ranar da ka sari reshe a gonarka a zo a ci ka tara. Wannan tsoron ya kashe itatuwa fiye da gatari. Shi ya sa nake roƙo, ranka ya daɗe, a zauna da masu unguwanni da malaman daji na yanzu a yi magana a fili kowa ya ji, wanda ya raini itace a gonarsa shi ke da amfaninsa, ya yi sassabe ya ɗebi reshe ba fargaba, wanda kuma ya shiga gonar wani ya sare masa a san hukuncin da gari zai yi masa. A kira Fulaninmu ma a zaman nan, ardo ya zo, don su ne ke sassaka gawo da rani saboda shanu, kuma in an bar musu burtali an yi maganar yanda za a riƙa saran reshe ba tare da an yi wa itacen kwaf ɗaya ba, su ma riba ce gare su.

Yanzu dubun da kuke so ku shuka, 'ya'yana. Ban hana ba, amma ku rage, ku shuka abin da zaku iya shayarwa. Ɗari da suka rayu sun fi min dubu a takarda. Kuma ba sai kun jira an kawo muku daga Dutse ba, ledar fiya wata da ta cika mana kwata da bola ita ce tukunyar raino, ku tara ta, ku huda ƙasanta, ku cika da rairayi da taki ruɓaɓɓe. Irin tsamiya da kuka da gawo masu taurin ɓawo a jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin a shuka. A fara wajen Maris ko Afrilu a inuwa kusa da famfo, a dasa a Yuli in ruwa ya zauna, ba a ƙarshen Agusta ba. Kowane dashe a yi masa keji na ƙaya, a zuba toka saboda gara, kuma a rubuta sunan wanda zai kula da shi, in ɗalibi ne ɗalibi, in gida ne gida. Wanda ke da tsohon tulu da ya tsage ya binne shi a gefen dashen ya riƙa cikawa ya rufe baki, ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali ya kai kwanaki.

Gwamnati tana da nata shirin, kun ji labarin Babbar Katangar Itatuwa da ƙasashen Afirka suka amince da ita a 2007, daga Senegal har Jibuti, Jigawa tana cikin jihohi 11 da abin ya shafa a Najeriya, an ma kafa mata hukuma a 2015. In sun zo da dashe ko rijiya mu karɓa hannu biyu. Amma ba wanda zai taso daga Abuja ya kore maka akuya daga gindin dashe da tsakar rana.

Iyayena mata, ku kuka fi kowa sanin tsadar itace, ku ke tura yara nesa neman kara da kashin shanu. Murhun laka mai rufaffen gefe yana rage cin itace sosai a kan duwatsu uku da iska ke kwashe wutar, kuma akwai masu iya gina shi. Sannan kukar miya da zogale a bayan ɗaki, ruwan wanke-wanke ma ya ishe su. Masu gawayi kuma da masu sa wa daji wuta don gafiya ɗaya, dan Allah a ji tsoron Allah, wutar awa ɗaya tana cinye tohon shekara uku.

Abu na ƙarshe da nake so in ga an yi shi ne a fita da yara. Malaman makaranta, sau ɗaya a wata ku ɗebi 'yan aji biyar da shida ku zaga bayan gari da wani tsoho, ya nuna musu wannan sabara ce ana sha don ciki, wannan kalgo ne da ɓawonsa ake igiya, wannan bagaruwa ce da ita ake jima, su ƙirga itatuwan kowace gona su rubuta a littafi, baɗi a sake ƙirgawa a gani ko an ƙaru. Yaron da ya san sunan itace ba ya saurin sa masa gatari. In hali ya yi kuma da sanyi, Disamba ko Janairu, a haɗa kuɗin mota a kai su Baturiya a ƙasar Kirikasamma, cikin jiharmu ne, dausayin da duniya ta sa a jerin wuraren da ake karewa tun 2008. Su ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su ƙetare hamada su zo su yi hunturu a wurinmu, su ga kirinjijiya da zalɓe da dinya a ruwa, su kuma ga yanda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar ta canja, har mutanen wurin suna fita gayya da lauje da kwalekwale suna yanka. Ni rabon da in ga ungulu a mahautar garin nan na manta, da kuwa ba a ƙirga su, kuma gauraka ma sai dai labari. Allah gafarta Malam zai fi ni bayani ran Juma'a, amma duk mun san hadisin da ya ce musulmi ba zai dasa itace ba mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi face an rubuta masa sadaka.

Toh ga abin da nake nema. Ranar Asabar bayan sallar asuba mu haɗu a gonar makaranta, kowa ya zo da addarsa a wase da tsumma ja, zan nuna a kan kututture biyar da hannuna, daga nan samari su kasu unguwa unguwa, duk mai gonar da ya yarda a shiga a gyara masa kyauta. Mai gonar da bai yarda ba a ƙyale shi, kar a yi masa gardama, zai ga ta maƙwabcinsa. Wanda ke da tambaya ya matso, ina nan har la'asar. Wassalamu alaikum.