Yadda mai maki 9 ya zo na ɗaya a aji

HOTO: Fuskar kwamfuta. Fayil ɗin maki a hagu, Python a dama.

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi wannan. Ɗalibai biyar, ga makin da suka ci a jarrabawa: 9, 100, 75, 48, 62. Na adana su a fayil, kowanne a layinsa. Sai na ce wa Python, yaren da muke rubuta wa kwamfuta umarni da shi, ta karanto su, ta zuba a jeri, ta faɗa min wanda ya fi kowa ci.

HOTO: A danna. Amsa ta fito: 9.

Tara. Wai mai tara ne na ɗaya a aji. Mai ɗari cif kuwa, in ka ce ta jera su, shi ne a wutsiya. Kuma ku lura, babu jan rubutun da ke nuna kuskure, babu ƙorafi. Cikin natsuwa ta ba ni amsar, kamar mai gaskiya.

Tambayar me ya sa Python take yin haka ta ishe ni a 'yan kwanakin nan, musamman daga 'yan ajin farko da aka bai wa aikin gida. Wani har cewa ya yi Python ɗinsa ce ta lalace, zai goge ya sake saukewa. Malam, ajiye datarka. Python ɗinka lafiyarta ƙalau.

Bari mu yi sauri mu wuce abubuwa biyu, don ba su ne matsalar ba.

HOTO: Akwatuna huɗu a jere: gero, dawa, masara, shinkafa. Ƙarƙashinsu 0, 1, 2, 3.

Na farko, jeri. Shi ne array a littattafanku, a Python kuma list za ku fi gani. Suna ɗaya, gurabe da yawa, kowane gurbi da lambarsa. Ƙirgen daga sifili yake farawa. Ranar suna shekarar jariri nawa? Sifili, alhali ga shi nan a hannu ana ta yi masa addu'a. To haka gero yake a gurbi na sifili. Abu huɗu, na ƙarshe yana gurbi na uku. Ka nemi gurbi na huɗu, ta watsa maka jan rubutu. Ba kowane yaren kwamfuta ne haka ba, MATLAB da Lua da R daga ɗaya suke farawa, amma C da Java da Python duk 'yan sifili ne.

Na biyu, me ya kawo fayil cikin maganar? Jeri allon aji ne. Manhaja ta rufe, ko a ɗauke wuta batirinka ya mutu, an goge allo ke nan. Fayil shi ne littafin rajista, gobe ka zo ka tarar da abinka. Saboda haka aikin kullum ɗaya ne: kwaso daga littafi zuwa allo, yi lissafinka, mayar littafi.

To a wajen kwasowar nan ne ake yin ɓarin.

HOTO: A buga jerin gaba ɗayansa: ['9\n', '100\n', '75\n', '48\n', '62\n']

A tsayar da hoton nan. Ku matso kusa. Kun ga 'yan ƙananan alamun nan da suka saka kowane maki a tsakiya, kamar kunnuwa? Ma'anarsu ita ce, wannan rubutu ne, ba adadi ba.

Fayil ɗin rubutu bai san lamba ba. Ko kaɗan. Haruffa kawai ya sani. Kai da ka ga 100, ɗari ka gani, naira ɗari, buhu ɗari. Shi abin da ke cikinsa harafin 1 ne, sai harafin 0, sai wani harafin 0. Haruffa uku a jere, kamar yadda k da a da i suka haɗu suka ba da kai. In ka rubuta kalmar shinkafa a takarda ka jefa a tukunya, ai ba za ka ci abinci ba. Sunan abu daban, abin daban.

To in aka ce wa kwamfuta ta gwada rubutu biyu ta ga wanne ne gaba, ya take yi? Yadda ake jera ƙamus. Ɗauki kalmar zo da kalmar abinci. Abinci haruffa shida, zo biyu kacal. Amma wa ke can ƙarshen ƙamus? Zo. Ƙamus ba ruwansa da tsawo. Harafin farko yake kallo, in sun bambanta magana ta ƙare, ba ya ko waiwayar sauran.

HOTO: 9 da 100, da'ira a kan harafin farko na kowanne. A ƙasa: 57 da 49.

Haka ta yi wa ɗalibanmu. Kowane harafi yana da lambar shaida a cikin kwamfuta, tsarin da ake kira ASCII, wanda aka fitar a Amurka tun 1963. Harafin 0 lambarsa 48, harafin 1 lambarsa 49, haka har zuwa harafin 9 mai 57. Ta ɗauki 9, ta ɗauki 100. Harafin farko: 57 da 49. Hamsin da bakwai ya fi. Shi ke nan, an tashi kotu. Sifilai biyun da ke bayan ɗayan nan, waɗanda su ne suka mai da shi ɗari, ko kallonsu ba ta yi ba.

Abin da ke sa wannan kuskuren ya daɗe a ɓoye shi ne, in duk makin masu harafi biyu ne, 48, 62, 75, jerin ƙamus da jerin lissafi sai su zo ɗaya. Ka gwada, ka ga daidai, ka miƙa wa malami kana murmushi. Sai ranar da wani ya ci ɗari, ko wani ya kwashi tara, asiri ya tonu.

Ku ga wasu 'yan wasanni.

HOTO: '10' + '5' ya ba da '105'. Sannan '70' * 2 ya ba da '7070'.

Goma a tara da biyar, ɗari da biyar. Saba'in sau biyu, dubu bakwai da saba'in. Da a ce haka asusun banki yake lissafi, da tuni na gina bene. Alamar tarawa in ta samu rubutu, manna su take yi, kamar ƙulla igiya biyu.

'Yan JavaScript, na ga kuna dariya. Ku je ku sa 9, 100, 75 a jeri, lambobi na gaske, ku ce sort ba tare da kun ƙara komai ba. Da kanta za ta mai da su rubutu ta jera muku irin na ƙamus. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

HOTO: A koma kan jerin, a haska \n.

Saura wannan baƙon da ke maƙale a bayan kowane maki. Ban rubuta shi ba, in ji ka. Ka rubuta mana. Duk sanda ka danna Enter, harafi ka buga, sai dai ba ya ganuwa. Lambarsa 10, aikinsa cewa a sauka sabon layi. Gado ne daga injinan buga saƙo na da, inda ake ba inji umarni biyu, koma farkon layi, sannan murza takarda sama. Windows har yau biyun take rubutawa, 13 da 10. Linux da Mac na yanzu 10 kaɗai. Python tana daidaita muku wannan in kun buɗe fayil a matsayin rubutu, kada ya dame ku.

Abin da zai dame ku shi ne, 75 da kuke gani haruffa uku ne, ba biyu ba. Ku tambayi len, mai ƙirga tsawon abu, ta faɗa muku. Shi ya sa za ka karanto Kano daga fayil, ka tambayi kwamfuta wannan Kano ce, ta ce a'a. Ka goge ido, ka sake duba harafi ɗaya ɗaya. Ni na taɓa kwana a kan wannan, har aka kira assalatu. Dabarar da na koya a daren: kada ka buga abu shi kaɗai, buga jerin dukansa, ko ka sa repr, mai nuna abu yadda yake a ciki. Nan take kunnuwan da baƙon za su bayyana.

Maganin duka, layi ɗaya.

HOTO: maki.append(int(layi.strip()))

Karanta shi daga ciki zuwa waje. Strip ta share baƙon da duk wani fili da ke gefe. Int ta mai da rubutu adadi. Append ta jefa shi a ƙarshen jeri. Kamar shinkafa: a tsince, a dafa, sannan a zuba a kwano.

Masu ido za su ce ai int da kanta tana kau da kai daga alamar sabon layi. Gaskiyarku. Amma ni ina son a saba da strip, saboda layin da ba komai a cikinsa. Ka danna Enter sau biyu a ƙarshen fayil ba ka sani ba, int ta iso wajen, ta ga wayam, ta tsaya cik da jan rubutu. Ka share tukuna, ka duba in akwai abu, in babu ka tsallake. Kuma in akwai mai 62.5 a ajin, int ba za ta karɓa ba, float, mai karɓar adadi mai ɗigo, za ka kira.

Wani hanzari ba gudu ba: ba duk abin da ya yi kama da lamba ake mayarwa adadi ba. Lambar waya, misali. Ka ba int 0803, ta dawo maka da 803, ta cinye sifilin gaba, kamar yadda Excel take yi wa mutane kullum. Tambayi kanka, zan tara wannan da wani abu? Ba wanda ke tara lambar wayarsa da ta matarsa. Bar ta a rubutu.

HOTO: A sake dannawa. Mafi girma: 100. Matsakaici: 58.8.

Alhamdulillahi, mai ɗari ya karɓi kujerarsa.

Mayarwa cikin fayil kuma, hanyar ce a juye, mu yi ta da gudu. Write, umarnin rubutawa a fayil, ba ta karɓar adadi, sai ka mai da shi rubutu da str. Ba ta kuma sa maka sabon layi, kai za ka sa, in ba haka ba 9 da 100 da 75 su manne su zama 910075. Sannan harafin da kake buɗe fayil da shi: harafin r na karatu ne, harafin a na ƙari a ƙasa, w na rubutu kuwa, ku saurara da kyau, da zarar ka buɗe ta share duk abin da ke ciki, tun kafin ka rubuta ko ɗigo. Ba ta tambayarka ko ka tabbata. Kada ku tambaye ni yadda na sani. Yi kwafin fayil ɗinka kafin ka fara wasa da w.

HOTO: Kalmar ƙwai a fayil. A Python ta fito Æ™wai.

Na ƙarshe, wannan namu ne mu Hausawa. ASCII gurabe 128 gare shi, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Waɗannan sai tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, inda ƙ ke cin bayit biyu, wato gurbin ajiya biyu maimakon ɗaya. A yawancin kwamfutocin Windows, in ba ka faɗa wa Python tsarin da za ta bi ba, sai ta karanta bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu daban, ƙwai ya koma wannan dodon da kuke gani. Wajen rubutawa kuma ta ƙi gaba ɗaya. A cikin open, umarnin buɗe fayil, bayan sunan fayil, ƙara wannan.

HOTO: encoding="utf-8". A danna. Kalmar ƙwai ta fito daidai.

Ga ƙwanmu ya dawo da ƙugiyarsa. Yanzu ku buɗe naku fayil ɗin, ku sa 9 da 100 a ciki da gangan, ku ga wa za ta ba na ɗaya. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, inda za mu sa suna da maki a layi guda, waƙafi a tsakaninsu.