Idan Gwamnati Ta Ce Wa Mai Ƙirƙira Ya Yi Shiru

Laccar da aka gabatar a Aboabo, Kumasi, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan uwana makanikai na Suame Magazine, da ƙannena ɗaliban jami'ar KNUST, sannunku da zuwa.

Mu dai mun san sirri. Mai laƙani ba ya faɗa wa kowa sai ɗan da ya yarda da shi, wani ma ya mutu da abinsa. Dokar mallakar ƙirƙira an yi ta ne don a raba mutane da wannan hali. Ciniki ne: ka bayyana yadda na'urarka take aiki dalla-dalla, hukuma kuma ta hana kowa ƙera irinta ya sayar ba da izininka ba, har shekara 20. Daga nan ta zama ta kowa. Haka dokarmu ta Ghana ta 2003 ta tanada.

To, a Amurka cinikin yana da ƙofar baya. Suna da dokar ɓoye ƙirƙira ta 1951. Ka kai takardunka ofishin rajista, in an ga ƙirƙirar tana iya shafar tsaro, sai a nuna wa hukumomin tsaro. In suka ce fitar da ita zai cutar da ƙasa, sai wasiƙa ta same ka: kada ka wallafa, kada ka nuna wa kowa, kada ka nemi rajista a wata ƙasa. Ka saɓa, tara har dala 10,000, ko ɗauri har shekara 2, ko duka biyun. Duk shekara ana iya sabunta umarnin, kuma yanzu haka akwai fiye da 5,000 da ke aiki. Ingila ma tana da irinsa, a sashe na 22 na dokarta ta 1977.

William Friedman, gwanin rubutun sirri, ya nemi rajistar wata na'ura a 1933. Sai a 2000 aka ba da ita, shekara 67, shi kuwa ya rasu tun 1969. Shi dai ma'aikacin gwamnati ne, da sauƙi. Amma a 1978 umarnin ya faɗa kan George Davida, malamin jami'a a Wisconsin, kan na'urar kare bayanan kwamfuta. Sai da jami'arsa ta yi hayaniya, jaridu suka ɗauka, sannan aka janye.

Ni ban ce a baje sirrin makamai a kasuwar Kejetia ba. Inda abin ke damuna shi ne diyya. Dokar ta ce kana iya neman a biya ka asararka. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, kayan da ba su taɓa shiga kasuwa ba, wa zai yi musu kuɗi? Ga shi an hana ka nuna wa mai saye, balle ya taya.

Ga ladan can ya kira la'asar. In mun idar, sai mu karɓi tambayoyi.