Masu gogen da ke bayan mawaƙi: wa ya koya musu waƙar?

[Hoto: mawaƙi a dandali, bayansa mutum takwas cikin baƙaƙen kaya, kowa da gogensa]

Ku dubi waɗancan na baya. Tambayar da ake ta turo mini ita ce, wata nawa suka yi suna haddace waƙar? Amsa: galibinsu yau suka fara ganinta. Kuma ba 'yan ƙungiyar ba ne, haya aka ɗauko su.

Bari mu ruga da tarihin. A 1958 mawaƙi Buddy Holly ya shiga situdiyo a New York da masu gogen Turawa. A 1959 ƙungiyar The Drifters ta sa goge a "There Goes My Baby". Kamfanin Motown kuwa, daga babbar ƙungiyar makaɗan birnin Detroit yake aro su. To, mu tsaya a Landan.

[Hoto: situdiyon Abbey Road]

Yuni 1965. Paul McCartney na ƙungiyar The Beatles ya rera "Yesterday" da jitarsa shi kaɗai. George Martin, mai shirya musu faifai, ya ce a ƙara goge huɗu. McCartney bai so ba da farko, wai su 'yan kiɗan rok ne, kada a mayar da su masu kiɗan tsofaffi.

Ga matakin da ake kuskurewa. A wurinmu mai goge da kunne yake koyo, ya bi ubangidansa shekara da shekaru. Waɗannan kuwa da ido suke kiɗa. Akwai mutum guda a tsakani, mai tsara kiɗa, wanda ba ya fitowa a bidiyo. Shi ke zama gaban fiyano ya raba waƙar gida-gida: ƙananan goge biyu su ɗauki sama, matsakaici ya cike tsakiya, babban nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi ya riƙe ƙasa. Kowa a rubuta masa nasa layi a takardarsa.

[Hoto: takardar kiɗa, kyamara na bin layukan a hankali]

Ku lura, wannan takarda ba ta ɗauke da waƙar gaba ɗaya. Mai riƙe da ita nasa rabon kawai yake gani. Ya zo, ya zauna, ya karanta, a gwada sau biyu ko uku, a ɗauka. A biya shi kuɗin zama, ya rufe akwatinsa, sai wani aikin. Ko sunayensu ba a buga a jikin faifan ba. Ni dai wannan na ci mini rai.

McCartney ba ya karanta rubutun kiɗa, sai ya zauna kusa da Martin, wanda shi ne ya tsara kiɗan "Yesterday", yana cewa ga abin da kunnensa ke so. Har roƙo ya yi a rage karkarwar yatsan nan da ke sa goge kuka.

Afrilu 1966, "Eleanor Rigby". Goge takwas, kuma babu ɗan Beatles ko ɗaya da ya taɓa abin kiɗa, murya kawai suka sa. Injiniya Geoff Emerick ya matso da makirfo dab da tsirkiya, makaɗan suka yi ta ja da kujerunsu baya. Ku saurara, za ku ji gurzar.

[Sauti: daƙiƙa biyar na gogen]

Sauran labarin gajere ne. Zamanin disko ya cika situdiyoyin Philadelphia da masu goge, sannan a 1974 na'urar Solina, wata irin fiyano mai fitar da sautin goge, ta fito, yatsu biyar suna kwaikwayon mutum goma. Jikokinta ne fiyanon da ake danna mana a situdiyoyin Kano.

[Hoto: a koma dandalin farko, a matso kusa]

Yanzu ku sake duban na baya. Ba mawaƙin suke kallo ba, idonsu na kan takarda.