Allurar ƙwayoyin halitta bayan aikin ƙashin baya: ina aka kwana?

Jama'a, a tsakanin ƙasusuwan bayanmu akwai faya-fayen guringuntsi guda 23. Aikin gammo suke yi, su ke tare nauyi duk sanda ɗan dako ya ciccibi buhun gero a Babbar Kasuwar Katsina. Gefen faifan tauri gare shi, cikinsa kuwa taushi, yawancinsa ruwa ne.

Idan gefen ya tsage, sai na ciki ya bulbulo ya danne jijiya. Nan ne mutum zai ce maka ciwo ya taso daga kwankwaso ya sauka har tafin ƙafa. Galibi faya-fayai biyu na can ƙasa ne ke yin haka.

Wasu magani da gashi kawai ke ishe su, wasu kuwa sai an yi aiki. Likita zai cire abin da ya bulbulo, jijiya ta sarara. To amma faifan fa? An bar shi da rami. Kuma jini ba ya ratsa cikinsa, don haka da ƙyar yake gyara kansa. Shi ya sa wani bayan ya warware, ciwon ke dawowa.

Wannan ramin ake so a cike da ƙwayoyin halitta na asali (stem cells), wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama guringuntsi ko ƙashi, waɗanda ake zuƙowa daga ɓargon ƙashin ƙugu ko daga kitse. A Jami'ar Hokkaido ta Japan, masu bincike na haɗa su da wani abu mai kauri da ake samu daga ciyawar teku, don kada su zube. Kamfanin Mesoblast na Ostireliya ya gwada tasa allurar ƙwayoyin a kan mutum 404 masu tsohon ciwon baya. Sakamakon 2021 ya nuna raɗaɗi ya ragu wa wasu, amma babban abin da aka sa a gaba bai samu ba, shi ya sa aka shiga sabon gwaji.

Cikin faifai wuri ne mai wuyar zama, ba abinci sosai, ba isasshiyar iska. Ƙwayoyin da yawa mutuwa suke yi.

Har yanzu hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wannan allura don ciwon faifai ba. Saboda haka in dillali ya ce ka sayar da gona a kai ka waje a yi maka ita, tambaye shi gwaji ne ko magani, sannan ka nuna wa likitan ƙashi takardun a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Dala a Kano.

In kuwa fitsari ya fara kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ranar za ka tafi asibiti.