Amsoshin Tambayoyinku: Me ke tsare kwantena a Apapa?

Jama'a barkanmu da warhaka, yau lokaci ya ƙure mana, bari mu je kai tsaye.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce mene ne TEU. Awon ƙirga kwantena ne ƙanina, kwantena mai ƙafa 20 TEU ɗaya ce, mai ƙafa 40 biyu ke nan. Wannan ai tana cikin littafinka, ka dinga buɗawa.

Sai wata Hajiya daga Kantin Kwari, kuma wasiƙu irin tata sun cika mana tebur. Ta ce jirgi ya iso tashar Apapa a Legas tuntuni, kayanta shiru, ejen sai kuɗin jinkiri yake kira mata. Hajiya ki yi haƙuri, zuwan jirgi daban, fitowar kaya daban. Akwai injin da ke sauke kwantena daga jirgi, akwai motar da ke kai ta fili, akwai mai jera su, ga kwastam, ga tirelar da ke jira a waje, to idan ba a haɗa musu lokaci ɗaya ba kowa jiran wani yake, inji a kunne ana ƙona dizal a banza, hayaƙin kuma mutanen Apapa ne ke shaƙa. Wato ba gudu ake nema ba, a san wa zai zo yaushe. Wani lokacin kwantenarki ce a ƙasa an ɗora mata uku, sai an ɗaga su kafin a kai gare ta.

Na tambayi baƙonmu, tsohon direban tirela, ko Eto, manhajar tsara shigar tireloli tasha, da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA ta kawo a Fabrairun 2021 ta rage wannan. Ya ce, "Malam, a da fa a kan gadar Ijora muke kwana, mu yi wanka, mu yi sallah a gefen mota, har mai shayi ya san sunan kowa." Na ce Baba Alhaji, a kan Eto na tambaye ka! Ya ce e to, yanzu sai an ba ka tikiti ka taso daga gareji, amma idan an kira ka fili bai shirya ba, layi ne dai. A nan nake tare da shi, tikitin direba kaɗai ba ya sauke kaya.

Mai tambaya kan tashar tudu ta Dala a Kano, wato tashar kwantena da ba a bakin teku take ba, a 2023 aka buɗe ta. Sauran bayanin sai mako mai zuwa, ga injiniya yana ta nuna min agogo.